Tsakuwar da Na Binne a Gindin Zogale

Matan layinmu sun yi wa yayata dariya a ranar da ya kamata su yi mata barka da arziki, kuma har yau abin yana raina. Ina gaishe su a biki, ina zuwa musu ta'aziyya, ina sayen goro a hannun babbarsu, amma ban manta ba, ban kuma yi niyyar mantawa ba. Duk wadda aka karanta wa wannan ta gane kanta, to ita nake nufi.

Sai dai ni ma da nawa laifin a ciki, kuma zan faɗe shi, don ban koyi rubutu da furfura ba domin in wanke kaina.

Yaya ce ta raine ni. Shekara goma sha huɗu ta ba ni. Mu biyu muka rage a gidan mahaifinmu a Zongo, nan Kwatano, gidan da kakanmu ya gina da ya zo fataucin goro ya ƙi komawa. Mazajenmu sun rasu, 'ya'ya sun watse, muka dawo ɗaki na kallon ɗaki. Tana toya masa a ƙofar gida tun ina goyon fari. Masu zem, 'yan babur masu rawayar riga, nan suke tsayawa da sassafe su karya kafin su nufi kasuwar Dantokpa, kuma ba ta taɓa barin ɗayansu ya tashi bai gama cinye abin da ta zuba masa ba.

Wani ciwo ya shekara biyu yana cin ta. A ƙarƙashin haƙarƙarin dama yake kama ta, ya zarce har baya, musamman in ta ci abu mai maiƙo, ga shi kuwa mai ne sana'arta. Sai in ga ta ajiye cokalin juya masa, ta dafe bango, gumi na zuba. Ta sha jiƙo, ta sha rubutu, ta sha wani garin magani da aka kawo mata daga Sèmè wanda warinsa ya kori kajinmu. Ranar da ta yi amai har ta kasa tashi daga bakin rariya, ban tambaye ta ba. Na tsayar da zem biyu, na ɗora ta a kan ɗaya, na hau ɗayan, muka tafi asibiti.

Aka yi mata ekografi, hoton nan na ciki da ake shafa wa mutum wani abu mai sanyi a goga. Aka ce tsakuwa ce ta cika madaciyarta, sai an cire madaciyar gaba ɗaya.

Ni ce mai fassara, don ni ce mai Faransanci a gidan. Ina da shekara arba'in da biyar na shiga lakkwal, makarantar boko ta manya, a unguwar Agontinkon, bayan la'asar, ni da wasu mata masu sayar da kifi. Abin da ya kai ni, wani ma'aikaci ne ya taɓa kama mini babban yatsa ya dangwala a takarda ba tare da ya dubi fuskata ba. Na rantse ba za a sake ba. Tun da na iya sa hannu, biro ba ya rabuwa da jakata, kuma ba zan ɓoye ba, na ɗauki takarda da girman da ya wuce nata. Yaya takan ce mini Malama idan tana son tsokana, Auta idan tana son in ji magana.

Likitar mace ce, ba ta kai 'yata ta fari ba. Ta ɗauki takarda ta zana ciki, ta ɗiga ɗigo huɗu. Ta ce ba za ta tsaga ba. Huji huɗu za ta yi, kowane bai wuce kan yatsa ba, ɗaya a cibiya. Za a hura iska a cikin don ya buɗe, a zura siririn bututu mai fitila da kyamara, ta riƙa kallon komai a allon talabijin, ta yi aikin da wasu dogayen ƙarafa ta sauran hujin. Ta ce zafin kaɗan ne, raunin ba ya saurin ruɓa, kwana ɗaya ko biyu a sallame ta.

Na juya wa Yaya da Hausa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Tambaye ta, ta ina hannunta zai shiga?"

"Ba za ta sa hannu ba, Yaya."

"To da me za ta ciro? Da addu'a?"

Na fassara. Likitar ta yi dariya har ta cire gilashi. Yaya ba ta yi ba.

Ya kamata in gane tun a lokacin, don na san abin da ke ranta. Ina 'yar shekara tara aka yi wa Innarmu aiki a ciki. An tsaga ta daga ƙirji har ƙasan cibiya. Yaya ce ta yi jinya. Ita ke wanke ɗinkin, ita ta gan shi ranar da ya buɗe, ita ta zauna da warin wata uku a ɗakin da nake kwana yanzu. Inna ba ta sake miƙewa sosai ba, kuma ba ta ga damina biyu ba bayan nan. A wurin Yaya, wannan shi ne aiki. Duk abin da likitar ta zana, ta ɗauke shi irin maganar da ake yi wa yaro kafin a yi masa allura.

Saboda haka ta shirya. Kwana uku tana bin gidajen layi ɗaya bayan ɗaya tana neman gafara. Ta roƙi wadda suka yi faɗa kan igiyar shanya, ta roƙi mai niƙa, har wani mai zem da ta taɓa zagi ta sa aka nemo mata. Ta kira ni ɗaki ta nuna mini inda farin yadinta yake a ƙasan akwati. Ta ce tandar masa tawa ce, amma kada in wanke ta da sabulu. Na ce, "Yaya, kwana biyu za ki yi." Ta ce, "Allah ya ji bakinki, Malama."

Ni na sa hannu a takardar yarda. Na karanta ta layi-layi ina bi da yatsa, ina jin kaina.

Da safe aka shiga da ita. Kafin azahar likitar ta fito ta ce an gama lafiya, ta miƙo mini wata 'yar kwalbar roba mai murfi. Na ɗaga ta wajen haske. Tsakuwoyi ne, launinsu tsakanin rawaya da ƙasa-ƙasa, yawancinsu kamar ƙwayar masara har da gefe-gefe, ɗaya kuma ta kai ƙwallon dabino. Ta ce a cikin 'yar jaka ta jawo su ta cibiya. Yaya na barci, ba ta farfaɗo ba tukuna.

Na koma gida ɗauko fulas da zane, kwalbar na cikin jakata. A bakin ƙofa na tsaya ina tunani. Inna ta koya mana cewa abin da ya fito daga jikin ɗan Adam ba a yar da shi, ba a kuma barin sa a fili. Gashi in an tsefe, farce in an yanke, haƙori in ya faɗi, duk binnewa ake yi. Tsakar gidanmu siminti ne, sai wata 'yar kusurwa a bayan madafa inda zogale ya tsaya, kuma nan aka binne mabiyiyar kowane jariri da aka haifa a gidan, har da tawa. Na san matan layinmu. Na hango kwalbar tana yawo daga hannu zuwa hannu, ana girgiza ta a kunne, ana kai wa na gaba ya gani. Na ce cikin yayata ba zai zama abin kallo ba. Na naɗe kwalbar a farin ƙyalle, na haƙa rami, na yi bisimilla, na rufe. Na ji na yi abin kirki. Ai likita ta ba ni takardar bayanin aiki, da hatimi da sa hannu. Me ya fi wannan shaida?

Da yamma wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce Yaya ta tashi ta taka. Yaya ta dube ni, ta ce, "Wannan yarinyar ta san abin da aka yi mini kuwa?" Amma ta tashi. Ta taka har ƙofa ta dawo, tana riƙe da kafaɗata, tana kallon ƙafafunta kamar na aro. Washegari ta sha koko. A rana ta biyu aka sallame mu, da filasta huɗu a cikinta, kowace ba ta kai tafin jariri ba. Likitar ta ce kada ta ɗaga abu mai nauyi, kada a taɓa wuraren, kuma in kafaɗarta ta dama ta yi ciwo kada mu tsorata, ragowar iskar da aka hura ce, za ta wuce a 'yan kwanaki. Na rubuta duka a bayan takarda.

Kashegarin dawowarmu 'yan dubiya suka cika ɗaki. A Zongo dubiyar wanda aka yi wa aiki tana da tsarinta. A zo da kunu ko lemo, a yi sannu, a yi addu'a, sannan babba a cikin mata ta ce, "Mu ga wurin." A ɗaga riga, a sassauta zane, a auna ɗinkin da ido, taƙi ɗaya ne ko ya fi. Daga nan ake sanin girman abin da mutum ya tsallake, a kuma san ko kwana nawa za a yi ana aiko masa da tuwo.

Hajiyar da ke sayar da goro a bakin masallaci ita ce babba. Ta ce, "Mu ga wurin." Yaya ta ɗaga riga.

Hajiya ta matso, ta leƙa dama, ta leƙa hagu, har ta leƙa baya.

"Ina aikin?"

"Ga shi nan," in ji ni. "Ta huji aka yi."

"Ta huji! Ke, wannan ai ko sauron damina ya fi su ƙoƙari." Ta juya ga Yaya. "Baiwar Allah, a kan wannan kika zo har ɗakina kika sa ni kuka? Maido mini gafarata, in ajiye sai ranar da za a yi na gaske."

Suka fashe. Wata ta ce ita allurar rigakafi ma ta bar mata tabon da ya fi wannan. Hajiya ta kwance nata zanen ta nuna inda aka ciro mata autanta, dogon tabo mai kauri kamar igiyar guga. Ta buga shi da tafi ta ce, "Wannan shi ne aiki. Wata biyu ina rarrafe." Sannan ta rage murya, amma yadda kowa zai ji, ta ce, "Ku dai bincika. Yaran likitocin yanzu, sai su sa mutum barci, su ɗan tsattsaga shi, su ce an gama."

Na ce mata abin da na ce. Ba zan rubuta shi ba, don malamarmu ta lakkwal na iya gani. Suka kwashe mayafansu suka fita suna cewa boko ya hau mini kai.

Yaya ta yi dariya tare da su a lokacin. Da suka tafi ta sauke rigarta a hankali, ta juya fuska bango.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni tausayi, don lafiyarta ce ta zame mata abin tsoro. A rana ta huɗu ta yi sallar azahar a tsaye. Ta yi ruku'u, ta yi sujada, ta sallame, sai na ga ta zauna a kan darduma tana shafa ciki. Ta ce, "Auta, wanda aka yanka ba ya ruku'u a kwana huɗu." Na ce ai amfanin abin ke nan. Ta girgiza kai. Ga kafaɗa kuma tana sukar ta, kamar yadda likita ta faɗa. Ta ce ciwon ne, an tsokane shi ba a cire shi ba, ya gudu sama. Ta daina cin abinci, wai kada ta tayar da shi. Koko ma sai ta kurɓa sau biyu ta ture.

Na ɗauko takardar na karanta mata da Faransanci, sannan da Hausa. Na nuna mata hatimi. Na nuna mata inda na rubuta zancen kafaɗa da hannuna. Ta ce, "Kin iya karatu, Malama. Allah ya ƙara basira." Ta koma ta kwanta.

A rana ta biyar, bayan magariba, ina ɗauraye kwanuka ta kira ni. Ta ce Hajiyar goro ta aika unguwar Akpakpa an kira wanzamin gidanmu, zai zo gobe da hantsi. Tsoho ne, shi ya yi wa dukan jariran gidan nan askin suna, kuma Yaya ba ta taɓa musa masa ba. Zai yi mata ƙaho a kafaɗa da ƙasan haƙarƙari, ya tsaga ya ja mugun jinin. Ƙasan haƙarƙari kuwa nan filasta biyu suke, a kan raunin da bai kai mako ba.

Na ajiye kwanon da ƙarfi. Na ce askarsa ba za ta taɓa ta ba ina numfashi. Na ce zan tsaya a zaure da taɓarya. Na ce in wurin ya ruɓa, irin na Inna take so mu sake gani? Da na ambaci Inna na so in haɗiye maganar, amma ta riga ta fita.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Zauna, Auta." Na zauna a bakin gado.

"Ban ce kin cuce ni ba. Ke sun ba ki takarda, ni sun ba ni filasta huɗu. Inna da aka yi mata, likita ya kira ni ya nuna mini abin da ya ciro a cikin tasa. Na gani da idona, na san ya rabu da ita. Ni fa? Shekara biyu ina ɗauke da abu, an ce an cire. Yana ina?"

Kwana biyu ina kaɗa mata takarda a fuska, ban taɓa tunanin cewa shaidar da za ta iya karantawa ita ce na saka a rami ba.

Na ce, "Yaya, an ba ni. Tsakuwoyi ne a kwalba. Na binne su a gindin zogale tun kina barci."

Ta dube ni. Sannan ta miƙo hannu ta gyara mini ɗankwali, kamar yadda take yi ina ƙarama in za ta aike ni.

"Yanzu kika tuna? Kina so hankalina ya kwanta, na sani. Allah ya yi miki albarka. Amma ban raine ki da ƙarya ba, kada ki fara da tsufanki."

"Wallahi, Yaya."

"Kada ki rantse. In ma gaskiya ne, abin da aka ba ƙasa ba a karɓowa. Kin san wurin nan su wa ke ciki. Je ki rufe kajin."

Na fita na rufe kajin. Na tsaya ina kallon zogalen. Ban taɓa jin wanda ya tona wurin nan ba, kuma na san in matan layi suka ji, za su samu abin taunawa har azumi. Na auna wannan da askar tsohon nan a kan cikin yayata, na ga ba su ma yi kusa da juna ba.

An yi ruwa kafin asuba. Da na idar da salla na ɗaura zane a ƙirji, na ɗauki guntun fartanyar da muke share rariya da ita, na durƙusa a bayan madafa. Na ce wa waɗanda ke wurin su yi haƙuri, ajiyata na zo ɗauka. Ƙasar Kwatano yashi ce, in ka haƙa kamu ɗaya ruwa ya tsattsafo. Ramin farko ban samu komai ba sai saiwa. Na biyu ya cika da ruwa kafin in ga ƙasansa. Na ajiye fartanya na sa hannu ina lalube, ina tuna a wane gefe na tsuguna ranar. A na uku yatsana ya taɓa ƙyalle.

Na wanke kwalbar a bakin rijiya. Ban wanke hannuna ba, ban canza zane ba, na shiga ɗakinta da yashi har gwiwa. Tana zaune a kan darduma da carbi. Na durƙusa a gabanta, na kama hannunta na dama na buɗe tafin, na kwance murfin na zazzage.

Ta dube su. Ta taɓa ƙananan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki babbar ta kai kusa da ido, ta juya ta, ta gwada ta da farce.

"Wannan ce," ta ce. "Wannan ce mai hana ni juya masa."

Ta kai ɗaya hannun ta shafa filastar cibiyarta. "Ta nan ta fito?"

"Ta nan."

"Yarinyar nan, ashe da gaske take." Ta dunƙule hannun a kansu, ta dube ni daga kai har ƙafa. "Dubi yadda kika yi da kanki, kamar mai haƙar kabari. Akwai sauran kokon jiya?"

Na ce zan dama sabo. Ina hura wuta na ji sallamar wanzami a zaure, da ƙarar kayansa a cikin zabira. Na miƙe zan fita, sai na ji muryar Yaya daga ɗaki.

"Auta, ba shi tabarma, ki zuba masa koko, ya yi tafiya mai nisa. Ki ce masa yau ba aiki. In kin gama ki je ki kira mini Hajiyar goro. Ce mata ta zo da gilashinta."